Yadda ake sabunta windres ba tare da aikon da haruffa masu ƙugiya sun lalace ba

Duk wanda yake haɗa furogiram na Windows da C ko C++ ya san ɗan fayil ɗin nan mai ƙarewa da .rc, wanda ba a waiwayarsa sai ranar da ya yi gardama. A cikinsa ake sa aikon, da lambar siga da sunan furogiram waɗanda ke fitowa in ka danna dama ka shiga Properties, da menu, da akwatunan da ke buɗowa, da rubuce-rubucen STRINGTABLE, da manifest, wato bayanin da ke gaya wa Windows yanda za a tafiyar da furogiram ɗin. Kompailan C bai jin yarensa, wani ɗan kompaila daban ne ke karanta shi ya mayar da shi .res ko .o sannan a liƙa a jikin exe. Na Microsoft shi ne rc.exe, yana zuwa cikin Windows SDK. Na GNU shi ne windres, yana cikin binutils, shi masu MinGW da MSYS2, wato kayan gina furogiram ɗin Windows da kompailan GNU, ke amfani da shi. LLVM ma suna da llvm-rc da llvm-windres, Wine suna da wrc, Zig kuma suna da zig rc. Ni windres na fi sani, don haka yawancin maganar a kansa za ta tsaya.

Abun da ya kamata ka fara sa wa a ranka shi ne aikin hawa biyu ne. Kafin windres ya karanta layi ɗaya na fayil ɗinka sai ya miƙa shi ga mai share fage (preprocessor), wato wanda ke buɗe #include, ya musanya #define, ya yanke abun da #ifdef ya ce a yanke. rc.exe da nasa mai share fagen a cikinsa, shi kuwa windres ba shi da nasa, gcc, kompailan C na GNU, yake kira a bayan fage da -E -xc -DRC_INVOKED, abun da gcc ya fitar shi yake karantawa. Kaga kenan in ka yi ofdet abu uku ne suka motsa lokaci guda: windres ɗin kansa, da gcc, da fayilolin .h na mingw-w64. In gini ya fashe kuma saƙon kuskuren ba zai gaya maka wanne ne a cikinsu ba.

Ni yanda na koyi darasin, wani ɗan furogiram na lissafin kaya ne da na yi wa wani shago, a Linux nake gina shi in kai musu exe a filash. Na tashi daga Ubuntu 20.04 mai binutils 2.34 na koma 22.04 mai 2.38, ban taɓa harafi ɗaya a kod ɗina ba, na buga make sai kawai na ga windres: preprocessing failed. Na yi ta zargin gcc, na cire na sake sakawa, data ta tafi a banza, ashe wani layi ne a Makefile ɗina, fayil ɗin da make ke bi wajen gini, da na kwafo shekaru da suka wuce ban ma san me yake yi ba. Za mu zo kansa.

Mataki na farko: kafin ka taɓa komai, ajiye shaida

Wannan shi ne wanda kowa ke tsallakewa, alhali minti biyu ne. Tun tsohuwar sigar na nan da ranta ka rubuta lambobinta a fayil:

```
windres --version > tsoho_siga.txt
gcc --version >> tsoho_siga.txt
```

In a Linux kake sunan zai zama x86_64-w64-mingw32-windres da x86_64-w64-mingw32-gcc. In MSYS2 ne ka ƙara da pacman -Q ka tura shi fayil, shi zai kawo maka sigar kowane kunshi har da na .h ɗin. Masu rc.exe ku buga where rc ku ga wanne ake kira, don sigarsa tana bin ta SDK ne kuma sau da yawa akwai biyu ko uku zaune a kwamfuta ɗaya, kowanne a foldarsa, kamar C:\Program Files (x86)\Windows Kits\10\bin\10.0.22621.0\x64.

Sai ka fitar da .res na gaske da tsohon windres, ka kuma mayar da shi rubutu:

```
windres -i app.rc -O res -o tsoho.res
windres -i tsoho.res -O rc -o tsoho_dump.rc
```

Na ce na gaske ne don akwai wata al'ada da ta yaɗu, mutane na rubuta -O coff -o app.res, sunan .res amma cikinsa .o ne. Ba laifi wajen liƙawa, amma wajen kwatantawa zai ruɗa ka. .res na gaske in ka buɗe shi da xxd, mai nuna bayit ɗin fayil, za ka ga ya fara da wani shigar banza mai bayit 32, yawancinsa sifili, sannan kayanka su biyo baya. Layi na biyu kuwa shi ne abun da na fi so a windres, yana iya juya aikin baya ya rubuto maka abun da ya fahimta, duk #define sun koma lambobi. Ka ajiye tsohon exe ɗin ma a gefe.

Mataki na biyu: karanta abun da ya canza

Binutils na fita kamar sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen tsakiyarta. A cikin kod ɗinsu akwai fayil binutils/NEWS, an jera canje-canje siga bayan siga. Kar ka karanta na sigar da za ka hau kawai, ka karanta duk na tsakani, in daga 2.34 ka taso zuwa 2.38 toh 2.35 da 2.36 da 2.37 duk sun hau kanka ko ba ka taɓa saka su ba. Nemi kalmar windres a ciki.

Sai dai NEWS manyan abubuwa yake ɗauka, ƙananan gyare-gyare a tarihin git suke. Fayilolin da suka shafe mu kaɗan ne: windres.c, da resrc.c wanda shi ke kiran mai share fage, da rclex.c da rcparse.y masu karanta yaren .rc ɗin. In kana da ma'ajiyar binutils-gdb a kwamfuta:

```
git log --oneline binutils-2_34..binutils-2_38 -- binutils/windres.c binutils/resrc.c binutils/rclex.c binutils/rcparse.y
```

Ma'ajiyar tana da nauyi sosai, in da datar waya kake kar ka sauke ta don wannan kawai, shiga shafin sourceware ka buɗe tarihin kowane fayil a burauza, abu ɗaya ne.

Yanda nake karantawa, ban damu da layin da ya ce an ƙara sabon abu ba, wannan bai taɓa tsohon aikina. Wanda ke tsayar da ni shi ne wanda ya ce an gyara yanda ake fassara wani abu, ko yanzu ana yin kaza maimakon kaza. Don gyaran kwaro a wajen wani, a wajenka yana iya zama fashewa, in dama can kan wannan kwaron ka jingina ba ka sani ba.

Mataki na uku: yi ofdet amma ka bar ƙofar komawa

A MSYS2 pacman -Syu ne, in ya ce ka rufe taga ka sake buɗewa ka yi hakan ka sake bugawa. Tsofaffin kunshin suna zama a /var/cache/pacman/pkg, kar ka share wurin sai ka tabbatar komai lafiya. In abu ya ƙi, pacman -U da sunan tsohon fayil ɗin binutils zai mayar da kai, sannan ka sa sunan kunshin a layin IgnorePkg cikin /etc/pacman.conf kafin ka gano bakin zaren. Kuma don Allah kar ka fara wannan aikin batirinka na kashi goma ba wuta, ofdet da ya yanke a tsakiya wani ciwon kai ne daban.

Masu Ubuntu ko Debian da za su tsallaka babbar siga, komawa baya ba sauƙi, shi ya sa mataki na farko ya fi muhimmanci a wajenku. Debian 11 na da 2.35.2, Debian 12 na da 2.40, kaga su ma sun tsallake 2.36, sigar da ta kawo canjin da za mu gani a mataki na gaba.

Mataki na huɗu: maganar --preprocessor

Ga layin da ya kayar da ni:

```
windres --preprocessor="gcc -E -xc -DRC_INVOKED" app.rc -O coff -o app_res.o
```

Shekara da shekaru haka mutane ke rubutawa kuma yana aiki, don windres na ɗaukar duk abun da ke cikin alamar zancen ya liƙa shi a umarnin da zai buga. Matsalar ita ce wanda gcc ɗinsa ke zaune a folda mai sarari a sunanta, irin Program Files, nasa ba ya aiki, umarnin na karyewa a wurin sararin. Toh a binutils 2.36, wanda ya fito a Janairun 2021, aka gyara wa waɗannan: yanzu duk abun da ka ba --preprocessor ana ɗaukarsa sunan furogiram guda ɗaya, da sararinsa da komai. Su an share musu hawaye, mu kuma windres ya tafi neman wani furogiram wai shi "gcc -E -xc -DRC_INVOKED" gaba ɗaya, wanda babu shi a duniya. An yi ƙorafi, amma canjin ya zauna, har llvm-windres ma ya bi sahu a LLVM 18.

Gyaran shi ne ka raba su, kowanne da nasa:

```
windres --preprocessor=gcc --preprocessor-arg=-E --preprocessor-arg=-xc --preprocessor-arg=-DRC_INVOKED app.rc -O coff -o app_res.o
```

Ka lura da kyau anan, da zarar ka sa --preprocessor windres zai daina ƙara -E -xc -DRC_INVOKED da kansa, ya ɗauka kai ka san abun da kake yi. In ka rubuta --preprocessor=gcc kawai ka tsaya, gcc ba zai share fage ba, zai ɗauki .rc ɗin a matsayin wani abu daban. Kuma gaskiyar magana yawancinmu ba ma buƙatar wannan zaɓin sam, ni cire shi na yi gaba ɗaya aikin ya tafi, don windres da kansa yake neman gcc mai irin sunansa, x86_64-w64-mingw32-windres zai nemi x86_64-w64-mingw32-gcc. In kana so ka ga wanda ya kira da idonka ka ƙara -v, zai rubuto cikakken umarnin.

Mataki na biyar: raba hawa biyun

Duk lokacin da kuskure ya fito wanda ba ka gane ba, kar ka tsaya zato, buga hawan farko da hannunka:

```
gcc -E -xc -DRC_INVOKED app.rc -o app.i
```

In nan ya fashe toh ba ruwan windres, ko #include ne ba a samu ba ko wani #if ne ya karye. In ya wuce ka buɗe app.i ka gangara ƙasa inda kayanka suke, ka duba ko sunan aikon ɗinka, misali IDI_APP, ya koma lambarsa, misali 101, ko yana nan da sunansa. In yana nan da sunansa ba a yi #include na resource.h ba ko an canza sunan, kuma abun haushin shi ne ba za a yi maka ihu ba, yaren .rc ya yarda sunan kaya ya zama rubutu, sai a ajiye aikon ɗin da suna "IDI_APP", kod ɗinka na C kuma yana can yana neman lamba 101 bai samu ba.

Irin wannan ce ke cin VERSIONINFO. Layin VS_VERSION_INFO VERSIONINFO yana aiki ne don an fassara VS_VERSION_INFO da 1 a cikin winver.h. In ba ka sa windows.h ko winver.h ba gini zai wuce lafiya lau, ka shiga Properties ka tarar da Details wayam. Ni yanzu 1 VERSIONINFO nake rubutawa kai tsaye, magana ta ƙare.

A cikin app.i za ka ga layuka masu farawa da # da lamba da sunan fayil, kamar # 1 "resource.h". Kar ka ce datti ne ka ƙara -P don a cire su. Da su windres ke gane cewa yanzu cikin fayil ɗin .h yake, sai ya tsallake duk typedef da struct da ke ciki, in ka cire su zai yi ƙoƙarin karanta C a matsayin .rc ya watsa maka syntax error. rc.exe ma haka yake, a fayil mai ƙarewa da .h ko .c layukan # kawai yake kulawa da su. Duk da haka in .h ɗinka na haɗaka ne tsakanin C da .rc, ka rufe ɓangaren C ɗin da #ifndef RC_INVOKED, ka huta.

Wasu ƙananan abubuwa da ke fitowa a wannan hawan, musamman in fayil ɗin daga Visual Studio ya zo: afxres.h na MFC ne, wata laburare ta Microsoft, in rc.exe ya ce RC1015 bai same shi ba ka musanya da winres.h. In ya ce RC1004 wai fayil ya ƙare ba zato, jeka ƙarshen resource.h ka danna Enter sau ɗaya, layin ƙarshe yake so a rufe, wannan ya taɓa cin min rabin yini. A Linux kuma Windows.h da windows.h ba ɗaya ba ne, sannan "res\\app.ico" ba zai samu ba, rubuta "res/app.ico", rc.exe ma yana karɓarsa haka. Lambar siga kuma kar ka tura ta da -D mai alamar zance a ciki, tsakanin make da shel da windres da gcc sai alamar ta ɓace a hanya kuma kowace siga da yanda take yi, ka sa ta a ɗan version.h ka yi #include.

Mataki na shida: kwatanta

Yanzu gini ya wuce, amma wucewa ba shaida ba ce. Maimaita abun da ka yi a farko da sabon windres:

```
windres -i app.rc -O res -o sabo.res
cmp tsoho.res sabo.res
```

In cmp ya yi shiru, bayit da bayit ɗaya suke, shikenan ka tsallake. In ya yi magana sai ka juya su rubutu, amma duka biyun da sabon windres, don kar bambancin salon rubutawa ya shigo ya cika maka ido:

```
windres -i tsoho.res -O rc -o a.rc
windres -i sabo.res -O rc -o b.rc
diff a.rc b.rc
```

Bambancin da ka gani ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. In lambar STYLE ta wani akwati ce ta canza, mai yiwuwa daga .h ne ko an gyara abun da windres ke sawa in ba ka faɗa ba. In LANGUAGE ne, ka rubuta naka a fili kar ka bar wa kompaila ya zaɓa maka. In rubutu ne ya canza toh ga mu a babban wurin.

Mataki na bakwai: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ

Wannan mu ya fi shafa, Bature mai rubuta File da Exit ba zai taɓa ganinsa ba. Haruffanmu masu ƙugiya babu su a Windows-1252, tsarin da yawancin kwamfutocin da ke hannunmu ke ɗauka in ba a ce musu komai ba. Edita ɗinka ya ajiye fayil a UTF-8, inda ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. In windres ya karanta su da idon 1252 sai ya ga haruffa biyu, Æ da ™, sai menu ɗinka maimakon Ƙara kaya da Buɗe ya fito da wasu aljanu, "ƙofa" ta koma "Æ™ofa". Kuma abun da kompaila ke ɗauka in ka yi shiru ya danganta da kwamfutar da siga da yanda aka gina shi, don haka kar ka yi shiru. A saman fayil ɗin, bayan #include:

```
#include <windows.h>
#include "resource.h"
#pragma code_page(65001)
LANGUAGE 0x68, 0x01

STRINGTABLE
BEGIN
    IDS_BUDE  "Buɗe fayil"
    IDS_KARA  "Ƙara kaya"
END
```

65001 shi ne UTF-8. Ana iya ba windres --codepage=65001, rc.exe kuma /c 65001, amma na fi son pragma don yana tafiya da fayil ɗin duk inda aka kai shi. 0x68 lambar Hausa ce a Windows, a winnt.h sunanta LANG_HAUSA, 0x01 kuma SUBLANG_HAUSA_NIGERIA_LATIN, in an haɗa su 0x0468. Shi ya sa a VERSIONINFO na furogiram ɗin Hausa za ka rubuta BLOCK "046804B0", a ƙasa kuma VALUE "Translation", 0x0468, 1200, don 04B0 shi ne 1200 wato Unicode. Su biyun dole su yi daidai da juna, in ka canza ɗaya ka manta ɗaya Details zai iya fitowa babu sunan furogiram.

In fayil ɗin Visual Studio ne ya ajiye shi, sau da yawa UTF-16 ne, rc.exe na karanta shi amma gcc zai yi ta kuka da sifilin da ke tsakanin haruffa. Juya shi:

```
iconv -f UTF-16 -t UTF-8 app.rc > app_utf8.rc
```

sannan ka duba ciki ko akwai tsohon #pragma code_page(1252) da ya bari, ka mayar da shi 65001.

Don ka tabbatar ba sai ka buɗe furogiram ba. A cikin .res rubutu UTF-16 ne, ƙ lambarta 0199, bayit ɗin a juye suke zama:

```
xxd sabo.res | grep 9901
```

In akwai ƙaramar ƙ a rubutunka ka ga 9901 ta shiga daidai. In c600 2221 ka gani toh Æ™ ne aka ajiye. ɗ kuma 5702, ɓ 5302, ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa b401.

Nan sai ka bambance cuta uku, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Æ™ laifin .rc ne da code_page. Alamar tambaya a wurin harafin, ?ofa, wannan .res ɗinka lafiyarsa ƙalau, kod ɗin C ne ya kira LoadStringA ko makamancinsa ya matse rubutun zuwa 1252, koma LoadStringW ko ka gina da UNICODE. Ɗan akwatin banza kuma rubutun ya iso, salon harafin da ka zaɓa a layin FONT ne ba shi da ƙugiya, canza wani. Na ga wanda ya sauke binutils har siga uku baya yana neman maganin alamar tambaya.

In dole sai ka yi aiki da wani tsohon kompaila da ya ƙi jin UTF-8, akwai hanyar ƙarshe, L"\x0199ofa", ka cika lambobi huɗun duka. Yana aiki amma wanda zai gyara fassarar bayanka zai yi maka Allah ya isa.

Mataki na takwas: liƙawa da duba exe

```
windres app.rc -O coff -o app_res.o
gcc main.o app_res.o -o app.exe -mwindows
```

In ld, wato mai liƙawa, ya ce i386 architecture of input file is incompatible, windres na 32 ka kira a ginin 64, duba PATH ɗinka don ofdet na iya sauya wanda ke gaba, ko ka faɗa masa -F pe-x86-64. In ya ce .rsrc merge failure, kaya biyu ne masu lamba ɗaya suka haɗu, yawanci manifest ne ko VERSIONINFO da kai ka sa kuma CMake ko wata laburare ta sake sawa. A ɓangaren Microsoft irin wannan CVT1100 yake fitowa. Cire ɗaya.

Sai ka tambayi exe ɗin da kansa, a PowerShell:

```
(Get-Item .\app.exe).VersionInfo | Format-List
```

Ka duba FileVersion. Lambobi huɗun FILEVERSION da waƙafi ake raba su ba da aya ba, 1,4,0,12, kuma kowacce ba ta wuce 65535, masu son cusa kwanan wata irin 20240315 a gurbi ɗaya su sani ba zai shiga ba.

Aikon kuma, Explorer na farko a jeri yake ɗauka, mai ƙaramar lamba, don haka babban aikon ɗinka ya zama shi ne mafi ƙanƙantar lamba. In ka canza aikon ka ga tsohon na nan kar ka zargi sabon windres tukuna, abu biyu ne: ko make bai sake gina app_res.o ba don ba ka sa app.ico da resource.h a jerin abun da ya dogara da su ba, ko Explorer ne ya riƙe tsohon hoto. Canza wa exe ɗin suna ka gani, in sabon ya fito toh Explorer ne, ie4uinit.exe -show na wartsake shi a Windows 10.

Mataki na tara: in da gaske kwaron nasu ne

Yana faruwa, amma ba kamar yanda muke zato ba. Kwafi .rc ɗin ka yi ta yanke shi rabi-rabi kana gwadawa har ya rage layi biyar ko goma da ke nuna matsalar, ba #include na kanka, lambobi tsura. Sai ka ba wani kompaila ya ɗanɗana:

```
rc /nologo /fo ms.res gwaji.rc
llvm-rc /fo llvm.res gwaji.rc
zig rc /fo zig.res gwaji.rc
```

Wanda ka samu a cikinsu ya isa. rc.exe shi ne ma'auni tunda shi sauran ke kwaikwaya, ko da yake shi ma yana da nasa halayen na tsufa, wanda ya rubuta na Zig, Ryan Liptak, ya tono su da yawa lokacin da yake ƙoƙarin sa nasa ya fitar da bayit iri ɗaya da na Microsoft. In tsohon windres da rc.exe sun yarda da juna sabon ne kawai ya bauɗe, kana da hujja. In kuwa sabon ne ya yi daidai da rc.exe, toh gyara aka yi, fayil ɗinka ne zai canza.

Rahoton windres a Bugzilla na sourceware ake kai shi ƙarƙashin binutils, na llvm-rc a GitHub na LLVM, in kuma kana zargin yanda MSYS2 suka haɗa kunshin ne sai ka fara ta wajensu. Ka fara bincika ko wani ya riga ka. Abun da za ka sa: ɗan gwaji.rc ɗin, da cikakken umarnin da ka buga, da abun da -v ya rubuto, da sigar da ke aiki da wadda ba ta aiki, da diff ɗin a.rc da b.rc. Kafin su amsa ka koma tsohon kunshi da pacman -U, ko ka fitar da .res da kompailan da ke aiki ka ba windres ya juya maka shi kawai:

```
windres -i ms.res -O coff -o app_res.o
```

Wannan bai bi ta gcc ba bai kuma bi ta mai karanta .rc ba, don haka duk inda kwaron yake a hawa biyun nan ka zagaye shi. tsoho.res ɗin kuma ka sa shi cikin git kusa da app.rc, ka ƙara layin cmp a Makefile, duk ranar da ka canza .rc da gangan sai ka sabunta shi.